Yadda Ake Gane Abu da Awo: Densiti, Narkewa da Raba Gauraye Ba Tare da Ɗakin Gwaji Ba

Tagullar da ta sha guga tana ƙyallin zinari, ruwan gishiri kuma ba shi da maraba da ruwan sha in dai a ido ne. Launi, ƙyalli, wari da tauri duk siffofin abu ne na zahiri, wato waɗanda ake gani ko a auna ba tare da an mayar da abin wani abu dabam ba. Sai dai ba dukkansu ne abin dogaro ba. Launi ana iya shafa shi. Nauyi da girma kuwa suna bin yawan abin da ka ɗiba ne kawai. Siffofin da ke tona asirin abu su ne waɗanda ba ruwansu da yawa ko ƙaranci: densiti (nauyin abu gwargwadon gurbin da ya ci), zafin da abu ke narkewa, zafin da yake tafasa, da iyakar abin da ruwa zai iya narkarwa daga cikinsa. Ruwan da ke cikin cokali da wanda ke cikin durom a zafi iri ɗaya suke tafasa.

Duk waɗannan ana iya auna su a aji ko a tsakar gida, da kaya kaɗan. Ana buƙatar ƙaramin sikelin dijital mai auna har 0.01 na giram, irin na masu sayar da gwal. Sikelin kicin mai auna giram ɗaya-ɗaya ya isa ga manyan abubuwa amma ba zai yi aikin zobe ba. Sai sabon sirinji na mililita 10 wanda aka cire wa allura, zare siriri, ƙaramin kofin roba, maganaɗisu, mazurari, farin ƙyalle mai saƙa a matse, da ma'aunin zafi da ke kaiwa daga ƙasa da sifiri zuwa aƙalla digiri 110 a ma'aunin Salsiyas. Kada a ɗauko na asibiti. Iyakarsa digiri 42, kuma in na gilashi ne, ruwan zafi zai fasa shi.

Kafin komai, gwada sikelin. Ɗora kofi, danna maɓallin da ke mayar da shi sifiri, ka zuba ruwa mililita 10 daidai da sirinji. Ya kamata ka ga giram 10 ko ƙasa da haka da ƙiris, kamar 9.96 a ranar zafi. In ka ga 9.5 ko 10.6, to ko batir ya yi sanyi, ko teburin ba a miƙe yake ba, ko fanka na kaɗawa a kan sikelin. Gyara wannan tukuna, domin duk lissafin da zai biyo baya a kansa ya rataya.

Densitin ƙarfe, dutse da gwal

Densiti shi ne nauyin abu a raba da gurbin da ya ci. Mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya ne, saboda haka densitin ruwa 1 ne, kuma da shi ake gwada saura. Auna nauyi ba wuya. Wahalar tana wajen sanin gurbin abin da ba shi da siffa tsayayya, kamar zobe ko tsakuwa.

Hanyar da aka saba koyarwa ita ce a jefa abin cikin kwalba mai lambobi a ga yadda ruwa ya tashi. Tana yi wa babban dutse aiki, amma ga ƙaramin abu ba ta da amfani, don ruwan ba zai tashi ko rabin layi ba. Hanyar ratayawa ta fi ta nesa ba kusa ba. Ta dogara ne kan ƙa'idar Arkimidis, masanin nan na Girka: abin da ya nutse, ruwa yana tura shi sama da ƙarfin da ya kai nauyin ruwan da ya ture. Tun a ƙarni na 11 wani masani mai suna Al-Biruni ya auna densitin ƙarafa da duwatsu masu daraja ta hanyar auna ruwan da suke turewa, kuma alƙalumansa sun yi kusa da na yau.

Auna abin a bushe, ka rubuta. Sannan ka ɗora kofi mai ruwa a kan sikelin, ka tabbata nauyinsa bai wuce iyakar sikelin ba, ka mayar da shi sifiri. Ɗaure abin da zare, ka sauke shi a hankali har ruwa ya rufe shi ruf, amma kada ya taɓa gindin kofin ko gefensa. Dafa gwiwar hannunka a kan tebur don kada hannun ya riƙa rawa, ko ka rataye zaren a jikin fensirin da aka gitta kan littattafai biyu. Lambar da sikelin ya nuna a giram, ita ce gurbin abin a mililita. Raba nauyin farko da wannan lamba.

Ga alƙaluman da za a gwada da su: alminiyam 2.7, baƙin ƙarfe 7.9, tagulla tsakanin 8.4 da 8.7, jan ƙarfe kusan 9, azurfa 10.5, dalma 11.3, zinari tsantsa 19.3. Gwal ɗin kasuwa ana gauraya shi da jan ƙarfe ko azurfa, don haka mai karat 18 yana faɗowa tsakanin 15 da 16, mai karat 21 wajen 17 zuwa 17 da rabi, mai karat 22 kuma wajen 17.6 zuwa 18.

A ce zobe ya yi giram 8.40 a bushe, a cikin ruwa kuma sikeli ya nuna 0.48. Amsa ita ce 17.5. To amma lura da wani abu: da sikelin ya nuna 0.47, amsar za ta zama 17.9, da 0.49 ne, 17.1. Gocewar lamba ɗaya tak ta ƙarshe ta isa ta ɗauke zoben daga karat 21 ta kai shi 22. Wannan gwaji yana raba gwal da tagullar da aka yi wa ruwan gwal ba tare da wani kokwanto ba, tunda tsakanin 8.5 da 17 akwai tazara mai yawa. Amma duk wanda ya ce da shi zai tantance karat ɗin ƙaramin zobe, ya ɗora wa sikelin abin da ba zai iya ba. In abin ya kai giram 30 zuwa sama, amsar tana ƙara zama abin dogaro.

Kusan duk kuskuren da ake samu yana rage densiti ne, kuma dalili ɗaya ne: wani abu da ba ƙarfen ba ya ci gurbi. Kumfar iska da ta maƙale a cikin sarƙa ita ce ta farko. Ɗiga ɗigo ɗaya na sabulun ruwa a kofin, ka jijjiga zaren har kumfar ta tashi, ka fitar da abin ka sake mayar da sikelin sifiri. Awarwaron da cikinsa rami ne zai ba ka lamba ƙasa sosai ko da gwal ne na gaske, haka ma ɗan kunne mai dutse. In kuwa lambar da ka gani a ruwa ta yi daidai da nauyin abin a bushe, ya zauna a gindin kofi ne. Akwai kuma ƙarfe ɗaya da wannan gwaji ba ya kamawa, wato tongistan, wanda densitinsa kusan ɗaya ne da na zinari. A yi gwajin sau uku a ɗauki matsakaici.

Abin da ke narkewa a ruwa, kamar ƙanƙarar gishiri ko kanwa, ana rataya shi a cikin man gyaɗa, sai a raba lambar da aka gani da 0.91 don a sami gurbin. Abin da ke shan ruwa, kamar bulo ko gawayi, ba ya ba da amsa tsayayya ta wannan hanya.

Abubuwa masu ruwa-ruwa

Nan aikin ya fi sauƙi. Ɗora sirinji babu komai a sikeli, ka mayar da shi sifiri, ka zuƙo mililita 10, ka kori kumfa, ka goge bakin, ka sake ɗorawa. Fetur zai ba ka wajen giram 7.2 zuwa 7.7, kananzir wajen 8, man dizal 8.2 zuwa 8.6, man gyaɗa wajen 9.1, zuma kuma wajen 14. Shi ya sa mai ke tasowa saman ruwa, zuma kuma ke sauka ƙasa. Shi ya sa kuma ba a kashe gobarar fetur ko ta man suya da ruwa: ruwan zai shige ƙarƙashi, man ya hau kansa ya bi shi yana ci.

Kada a yi wa wannan awo fassarar da ta wuce ƙarfinsa. Zuma da ya ba da 12.5 an tsinka shi da ruwa, amma wanda ya ba da 14 ba lallai ne tsantsa ba, domin dafaffen sukari mai kauri yana iya kai wannan nauyin. Batun kananzir ya fi haɗari. In aka zuba masa kashi 10 cikin 100 na fetur, nauyin mililita 10 ba zai ragu da abin da ya wuce kusan 0.05 na giram ba, wanda ya ɓace cikin bambancin da ake samu tsakanin kananzir da kananzir. Amma wannan ɗan fetur ɗin ya isa ya sa tururinsa ya kama wuta a zafin ɗaki, risho ko fitila ta fashe. Sikeli ba zai ba ka tabbacin kananzir lafiyayye ne ba. Awon fetur da kananzir a waje ake yin sa, nesa da wuta, kuma a zubar da sirinjin bayan an gama.

Narkewa da tafasa

Daka ƙanƙara ta yi gari-gari, ka cika rabin gwangwani, ka soka ma'aunin zafi a tsakiya ba tare da ya taɓa gindin ba. Riƙa juyawa, kana rubuta zafin kowane minti ɗaya. In daga firiza ta fito kai tsaye, za ka ga ƙasa da sifiri da farko, sannan ta hau zuwa sifiri ta tsaya cak. Za ta daɗe a nan. Ruwa na ƙaruwa, ƙanƙara na raguwa, amma lambar ba ta motsi sai ƙwayar ƙarshe ta narke.

Zafi yana shiga, ba tsayawa ya yi ba. Yana tafiya ne wajen warware ƙwayoyin ruwan daga jerin da suka yi lokacin da suka daskare. Narkar da giram ɗaya na ƙanƙara yana cin jul 334 (jul shi ne ma'aunin yawan zafin da ya shiga abu), alhali ɗaga zafin giram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya jul 4.2 kawai yake ci. Wato zafin da zai narkar da ƙanƙara, da ruwa aka ba shi da ya kai shi digiri 80. Dalilin da ya sa ƙanƙara ke riƙe kula da sanyi fiye da ruwan sanyi mai nauyinta ke nan.

In lambar ta ƙi tsayawa a sifiri, duba abu biyu: ko ba ka juyawa, ruwan da ke gefe ya ɗumama ya bar na tsakiya, ko ma'aunin ne ke da kuskure. Ƙanƙara da ruwa da aka juya sosai sifiri ne a ko'ina, a Sakkwato ko a Damagaram, don haka da ita ake gwada ma'aunin. In ya nuna 1, ka riƙa cire 1 daga duk abin da ya nuna.

Ɗora ruwan a wuta ka ci gaba da rubutawa. Ƙananan kumfar da ke fitowa a jikin gwangwani tun ruwan bai yi zafi sosai ba iska ce da ke narke a cikinsa take fita, ba tafasa ba ce. Tafasa ita ce lokacin da manyan kumfa ke tasowa daga ƙasa ba ƙaƙƙautawa, lambar kuma ta sake tsayawa. Kada ka zargi ma'auninka in bai kai 100 ba. Digiri 100 na bakin teku ne, kamar Legas. Kowane hawan mita 300 yana rage kusan digiri ɗaya, saboda iskar da ke danne ruwan tana raguwa. A Kano za ka ga 98 da ɗoriya, a Jos kuma, mai tsayin kusan mita 1,200, wajen 96.

Masu girki su ɗauki wannan: da zarar tukunya ta tafasa, ƙara wuta ba ya ƙara wa ruwan ko digiri ɗaya. Ruwan ne kawai zai ƙafe da sauri, gas ko itace ya tafi a banza. Wake ba zai nuna da wuri ba don an hura masa wuta. Abin da ke ɗaga zafin tafasa shi ne matsin tururi, shi ya sa tukunyar fresha ke kai wajen digiri 120. Gishiri ma yana ɗagawa, amma sai an zuba kusan giram 58 a lita ɗaya kafin a sami digiri ɗaya, abin da babu miyar da za ta ciwu da shi. A ɓangaren sanyi ne gishiri ke aiki sosai. Gauraya kashi 3 na dakakkiyar ƙanƙara da kashi 1 na gishiri, zafin zai faɗi ƙasa da sifiri da digiri 10 ko fiye, iyakarsa kuma 21 ƙasa da sifiri. Ƙaramar ledar zoɓo da aka binne a ciki za ta daskare.

Abu tsantsa yana narkewa a tsayayyen zafi guda: kuza 232, dalma 327, alminiyam 660, azurfa 962, zinari 1,064. Gauraye kuwa laushi yake fara yi, ya ɗauki digiri da yawa kafin ya gama. Sa ɗan man kaɗanya a ƙaramin gwangwani, ka tsoma gwangwanin cikin ruwan ɗumi kana ƙara zafi a hankali. Zai fara saki daga digiri 30 da ɗoriya, ba zai zama ruwa sarai ba sai ya haura 40, domin kitse iri-iri ne a cikinsa, kowanne da nasa zafin. Man shanu, manja da kyandir duk haka suke. Manjan da ya daskare da hunturu bai lalace ba. Kada a narkar da kyandir ko mai kai tsaye a kan wuta don gwaji, kuma kada a narkar da dalma ko kaɗan.

Raba gishiri, yashi da ƙarfe

Wannan shi ne gwajin da ya fi nuna ma'anar sauyin kama, wato sauyin da ke taɓa siffar abu ya bar asalinsa. Auna gishiri giram 20, wankakken yashi busasshe giram 50, da garin ƙarfe giram 5, wanda za a samu a ƙarƙashin injin masu walda. Gauraya su. Kowanne yana da siffar da sauran ba su da ita, da ita za a fitar da shi.

Fara da ƙarfen tun komai na bushe. Saka maganaɗisu cikin leda, ka bi kan garin bayan ka baza shi a faranti. In ya ɗauko, ka kai shi kan takarda ka zare maganaɗisun daga ledar, garin zai zube da kansa. In ba a sa leda ba, ɓanɓare garin daga jikin maganaɗisu aiki ne. In kuma aka jiƙa kafin a cire, ƙarfen zai fara tsatsa cikin ruwan gishiri, ruwan ya yi ja.

Zuba ruwa mililita 80 a kan saura, ka juya minti uku. Giram 100 na ruwa yana narkar da gishiri giram 36 a zafin ɗaki, don haka 80 ya wadatar da giram 20. Ruwan zafi yana hanzarta aikin amma ba ya ƙara wa gishiri iyaka sosai. Ko a tafasa bai wuce giram 39 ba. Sukari ne ke haka, daga wajen giram 200 a zafin ɗaki zuwa fiye da ninki biyu a tafasa. Bar yashin ya kwanta, ka tsiyaye ruwan ta ƙyallen da aka ninka biyu a cikin mazurari. Sannan ka ɗauraye yashin sau biyu, mililita 20 kowane karo, ka haɗa da na farko. Nan ne mafi yawan ɗalibai ke yin asara: jiƙaƙƙen yashi yana riƙe ruwan gishiri mai yawa, in ba a ɗauraye ba giram 3 ko 4 sun tafi.

Zuba tatatten ruwan a kwanon silba mai faɗi, ka ɗora a ƙaramar wuta. In ya kusa ƙafewa, gishirin zai fara tsalle yana fita daga kwanon. Sauke a nan, ka ƙarasa a rana. Gaggawa tana ba da gari, haƙuri yana ba da ƙwayoyi: ɗan abin da aka bari a inuwa kwana biyu ko uku zai fito da ƙananan ƙwayoyi masu kusurwa huɗu-huɗu, waɗanda suka fi kyau a nuna wa yara. Aiki mai kyau yana dawo da giram 18 zuwa 19. In ka sami fiye da 20, ko bai bushe ba ko ƙurar yashi ta bi ta ƙyallen. Shanya shi ka sake aunawa har nauyin ya daina sauka.

Abin da matan Keana da Awe a jihar Nasarawa ke yi ke nan, suna tace ƙasa mai gishiri da ruwa su dafa abin da ya tsiyayo. A Bilma kuwa rana ce ke ƙafar da ruwan a ramuka kafin a yi kantu. Mai tatar ruwan toka don miya ma a kan wannan hanya take.

In ruwan kake son kamawa ba gishirin ba, ajiye ƙaramin kwano a tsakiyar tukunyar a kan wani abu da zai ɗaga shi, ka kifa murfin a juye, ka zuba ruwan sanyi a kansa. Tururi zai yi gumi a jikin murfin ya gangaro tsakiya ya ɗiga cikin kwanon, kuma ba za ka ji gishiri a cikinsa ba.

A duk wannan nauyi ba ya ɓata. Ruwa giram 100 da gishiri giram 20 suna ba da giram 120 cif, ko da yake gurbinsu wajen mililita 107 ne. Ƙanƙara a rufaffiyar roba, nauyinta ɗaya kafin ta narke da bayan ta narke, muddin ka goge raɓar da ta taru a waje, wadda daga iska ta zo. Gurbi ne ke sauyawa: ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 in ya daskare, abin da ke fasa cikakkiyar kwalba a firiza. In ya zama tururi kuwa, mililita ɗaya yana cin gurbin kusan 1,700. Masu zuba tukwanen alminiyam sun san wannan: ɗigon ruwa a cikin ludayi ko a jikin tarkacen da za a jefa cikin narkakken ƙarfe yana iya watso shi a fuska, don haka sai an gasa su sun bushe.

Sauyin kama ne ko na asali?

Ana yawan koya wa yara cewa sauyin kama shi ne wanda ake iya mayarwa. Wannan ma'auni gurgu ne. Geron da aka niƙa ba ya komawa tsaba, amma garin gero ne har yanzu. Tambayar da ta dace ita ce ko wani sabon abu ya samu, mai nasa densiti da nasa zafin narkewa.

Yumɓun da ya bushe a rana, in ka jiƙa shi zai koma laka. Wanda aka gasa ya zama tukunya, ko shekara ya yi a ruwa ba zai koma ba. Wuta ta sauya asalinsa. Kaɗa nono a fitar da man shanu rabawa ce kawai, amma tsamin da madara ke yi ta zama kindirmo sabon abu ne ƙwayoyin halitta suka samar. Siminti ba bushewa yake yi ba, haɗuwa yake da ruwa ya zama wani abu, shi ya sa ake ba bulo ruwa, wanda aka bari ya bushe da wuri kuma yake marmashewa. Kyandir yana yin biyun a lokaci guda: abin da ya narke ya gangaro sauyin kama ne, abin da ya hau lagwani ya ƙone ya tafi ke nan. Kafur da ke ƙanƙancewa a cikin akwatin kaya daga daskararre yake wucewa iska kai tsaye, kuma kafur ne har a warin.

Kumfa da launi ba hujja ba ne su kaɗai. Kumfar lemon kwalba iskar da aka matse ce take fita, amma kumfar da kanwa ke yi in ta haɗu da ruwan tsamiya sabuwar iska ce. Zoɓon da aka tsinka da ruwa ya yi haske zoɓo ne, wanda kanwa ta mayar baƙi-baƙi kuwa an taɓa sinadarin launinsa.

Wannan bambanci ba na jarrabawa kaɗai ba ne. Daka, niƙa, wankewa da shanya ba sa raba guba da dafinta. A 2010 ɗaruruwan yara suka mutu a ƙauyukan Zamfara saboda ana niƙa duwatsun zinari masu dalma a cikin gidaje. Niƙan bai sauya dalmar ba, ya dai mayar da ita ƙurar da ake shaƙa a kuma haɗiye.

Sa ƙafewar ruwa aiki: tukunya cikin tukunya

Kowane giram na ruwa da ya ƙafe yana tafiya da zafi wajen jul 2,400. In mililita 10 suka ƙafe daga lita ɗaya, kuma duk zafin daga ruwan ya fito, saura zai sauka da kusan digiri 6. Sirrin randa ke nan. A kansa ne Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya a shekarun 1990, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000.

Kafin ka sayi tukwane, auna ko iskar wurinka za ta ba da haɗin kai. Naɗe bakin ma'aunin zafi da jiƙaƙƙen ƙyalle, ka yi masa fifita minti uku a inuwa. Lambar da ya sauka ita ce iyakar sanyin da ƙafewa za ta iya bayarwa a ranar, kuma tukunya ba ta kai wa nan cif. Da bazara, in zafi ya kai 38 kuma damshin iska kashi 15 ne cikin 100, zai sauka wajen 19. A tsakiyar damina, zafi 30 da damshi kashi 80, da ƙyar zai kai 27.

Nemi tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, yadda tazarar santimita 3 zuwa 5 za ta rage a tsakaninsu ta kowane gefe. Babbar dole ta zama marar fenti, marar siminti, wadda ke tsattsafo da ruwa. Ta cikin ba laifi in ba ta tsattsafo. Toshe duk wata huda. Zuba yashi mai tsakuwa-tsakuwa a gindin babbar har bakunan biyu su daidaita, ka saka ƙaramar, ka cika gefen da yashi. Zuba ruwa a hankali har yashin ya ƙoshi, amma kada ya yi yawan da ƙaramar za ta taso. Rufe da jiƙaƙƙen buhu ko ƙyalle mai kauri. Ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa, a kan duwatsu uku ko kan wata mazauna don iska ta bi ta ƙasa. Ƙara ruwa safe da yamma, a bar ta ta kwana kafin a sa kaya.

In ba ta sanyi, taɓa bayan babbar. In a bushe yake, ko yashin ya bushe ko ƙofofin yumɓun sun toshe. Farin abin da ke taruwa a jiki gishirin ruwan rijiya ne da ƙafewa ta bari; a kankare shi da burushi da ruwa zalla, ban da sabulu. In bayan a jiƙe yake amma babu sanyi, an sa ta a lungu ne ko a rufaffen ɗaki, iskar wurin ta ƙoshi da damshi. Tumatir, tattasai, gauta, kuɓewa da ganye suna jin daɗinta. Albasa, hatsi da busasshen barkono damshin zai ɓata su. Nama da kifi ba wurinsu ba ne, haka ma allurar rigakafi, wadda ke buƙatar digiri 2 zuwa 8, sanyin da tukunyar ƙasa ba ta kaiwa.